Maɓallin Sigvald

Duk wanda bai san Sigvald Tunheim ba, to bai san abin da garinmu Skarvik ya mallaka ba. Allah Ya yi mana baiwa da mutumin nan! Shekara da shekaru yana Bergen yana buga hatimi a ofishin jiragen fito, da ya yi ritaya sai ya tausaya mana ya dawo, ya tarar muna kunna fitila da yatsa kamar mutanen da. Tun daga lokacin muke kiransa Ministan Lantarki, a bayan idonsa. Da labari ya kai masa, sai ya ɗauka yabo ne.

Minista ya ce zai sabunta wayoyin gidansa. Muna da mai gyaran wuta, Trygve, amma ina! Wai hannunsa warin tumaki yake yi. Sai ya ɗauko samari daga birni, masu farar mota da “to, madalla” a baki. Shi ya zana musu komai, su dai ja waya. Ƙofa ta daina sanin mukulli, sai wayar hannu. Labule ya koyi buɗe kansa. Abin alfaharin kuwa maɓalli ɗaya ne mai kashe gidan gaba ɗaya.

“Gaba ɗaya nake nufi,” in ji shi, yana nuna mana da yatsa kamar malamin firamare. “Samarin sun so su bar wasu layuka a kunne. Na ce a'a. Ni ba na aiki rabi-rabi.”

Da kaka ta yi, maharba suka sauko daga tsauni da barewa. A cikinsu akwai ta Halvard. Tsohon nan idonsa ya fara dushewa, likita ya ce bana ce farautarsa ta ƙarshe, kuma ya kayar da namiji ƙato, irin wanda ake shekaru ba a gani ba. Ya rantse naman nan na bikin jikarsa Ingunn ne, kafin Kirsimeti. Ya ma faɗa wa dangin ango, har na nesa.

Mu dai a rumfar maharba muke daskarar da nama tun zamanin kakanni. Sai Minista ya zo duba rumfar, ba wanda ya aike shi. Ya kalli wayoyin, ya dafe ƙirji.

“Jama'a, wannan ba rumfa ba ce, gobara ce mai jiran rana! Halvard, a nan za ka ajiye naman biki? Kawo shi ɗakin ƙasana. Firizana sabo ne, kuma gidan ya fi wasu mutane hankali.”

Halvard ba mai musu ba ne, kuma kalmar gobara ta tsorata shi. Aka kwashi naman aka kai. Minista ya tsaya a bakin matakala yana ba da umarni, ko ƙunshi ɗaya bai ɗauka ba.

Sai ga lokacin tafiyar Minista shan rana a Sifen, kamar yadda manya suke yi. Daga can ya turo hoto a zauren garin na waya: ga ƙafafunsa jajaye a kan yashi, ga yatsa a kan allo.

“Daga bakin teku na kashe gidana yanzun nan. Wannan shi ne zamani, maƙwabta.”

Halvard ya sa jikarsa ta rubuta masa: “Firiza fa, Sigvald?”

“Gidan ya san aikinsa. Ina kallon komai a wayata.”

Ƙarya yake, wallahi, ba ya kallon komai! Maɓallin da ba ya aiki rabi-rabi ya kashe firiza, ya kuma kashe akwatin da ke haɗa gidan da wayar. Gidan mai hankali ya kurumce. Minista ya danna, ya danna, shiru. Tun ranar ya gane, matarsa ce ta fallasa daga baya. Abin da ya rage masa kawai ya kira Trygve ya ce masa, fasa tagar ƙasa ka ɗaga wuta. Amma ya za a yi Minista guda ya roƙi mai warin tumaki? Sai ya koma kan yashi ya ci gaba da turo hotunan faɗuwar rana.

Mu kuwa a Skarvik kowa mukullinsa na ƙarƙashin tukunyar fure, amma wannan gidan ba shi da ko ramin mukulli. Kuma mutum ya ce lafiya lau, wa zai fasa masa taga? Halvard yakan bi ta wajen da yamma, ya kara kunne a bango ko zai ji gurnanin firiza, ya koma gida yana cewa ai kunnen ma ya tsufa. Abin ya ba ni tausayi, har yau yana ba ni haushi.

Karnuka ne suka fara jin warin ruɓaɓɓen naman, sai dila, sai mai kawo wasiƙa. Ranar da Minista ya dawo, fatarsa ja kamar dafaffen ƙaguwa, sai da aka kira motar kwashe shara ta gundumar.

An yi biki. Dangin ango sun zo cin barewa, aka ɗora musu dunƙulen kifi na gwangwani da dankali. Halvard ya zauna bai taɓa farantinsa ba. Ka ce kunya za ta hana Minista zuwa? Ya zo da kwat, ya ƙwanƙwasa kofi da cokali, ya miƙe.

“Kafin in taya amarya murna, akwai gyara. A fannin fasaha, tsarina bai yi kuskure ba. An umarce shi ya kashe komai, ya kashe komai.”

Halvard ya ɗago kai a hankali.

“Gaskiyarka, Sigvald. Ni sai da na hau tsauni da bindiga na kashe barewar nan sau ɗaya. Kai kana kwance a Sifen ka sake kashe ta da yatsa. Zauna, maharbi, kifinka zai huce.”