Tankin Jiratawa a Shingen Tibiri

A shekarar da jam'iyyu suka fara yaƙin neman zaɓe bayan babban taron ƙasa, titunan Maraɗi cike suke da tutoci. Kowace jam'iyya ta ja igiya daga wannan gefen hanya zuwa wancan, ta rataya ƙyallayenta. Ma'aikatan gwamnati kuwa suna yajin aiki. A wannan tsakanin ne Zakariya'u, direban tirela, ya samu aikin ɗaukar wani ƙaton tankin ruwa na ƙarfe daga Tibiri zuwa Jiratawa, inda tsohon tankin garin ya yi tsatsa ya tsage. Bai yi nisa ba jandarmomi suka tsaida shi a shingen fita Tibiri, suka ce kaya mai irin wannan tsayi da faɗi ba ya hawa kwalta sai da takardar izini. Mai duba irin wannan takarda a biro, wato ofishin sufuri, kuwa Tahira ce, taubashiyarsa, ɗiyar ƙanwar ubansa. Da hantsi ya same ta a gidanta na unguwar Zariya, zaune bisa tabarma tana tsintar shinkafa.

"...da yara, da maigidan? To madalla. Ashe baiwata na nan da ranta."

"Lahiya lau muke kahin ka shigo. Ja baya kaɗan, Zakari, tumbinka ya tare mini haske."

"Tumbin arziki ne. Tashi ki kawo ma ubangidanki ruwa. Ni ɗan namiji ne, ke ɗiyar mace. Tun ba a haihe ki ba aka ba ni ke."

"Ubangida da takalmi ɗaya shuɗi ɗaya baƙi? Ga randa can, ga moɗa. In ka sha ka ɗauraye."

Ya sha ruwan, ya kifa turmi ya zauna a kai.

"Mi ya kawo ka?" in ji Tahira. "Kai ba ka san zumunci ba sai motarka ta mutu ko matarka ta yi yaji."

"Wata 'yar takarda ce, abin da bai taka kara ya karya ba. Ki ɗan dangwala mata hatimi in wuce."

"Takardar mi?"

"Wata 'yar randa zan kai Jiratawa."

"'Yar randa! Ita ce wadda aka ce mutanen Tibiri sun tashi da sahe suka ga rana ba ta hito ba, ashe tana bayan randarka?"

"Sharrin mutane ne. Aradu bai hi ni tsayi ba in na sa hula."

"Kai ko bisa raƙumi aka aza ka ba ka kai kafaɗar jandarman da ya tsaida ka ba. An ce shaho ya yi gida a saman randar taka, har ya yi ƙwai."

"Wanda ya faɗa miki haka bai san shaho ba. Tattabara ce, kuma wucewa take."

"To ni dai muna yajin aiki. Biro a kulle, hatimi a kulle, alƙalamina ma ya ce kar in taɓa shi."

"Ke dama yaushe kika taɓa aiki? Duk sanda na leƙa biron nan, gyaɗa nake tarar da ke kina ci, kina caccakar injin rubutu da yatsa guda kamar kaza ta samu tsaba. Da kina yaji da ba ki yi, gwamnati ba ta ga bambanci ba."

"Amma ga ka nan bisa turmina kana roƙon yatsan."

"Ba roƙo ba ne, umarni ne."

"To umarci turmin shi ba ka hatimi."

Zakariya'u ya miƙe, ya kakkaɓe bayan rigarsa.

"Shi ke nan. In babu takarda, ai akwai daji. Zan ja da baya in bi hanyar amalanke ta bayan gari, in ɓulla Jiratawa ba wanda ya gan ni."

Tahira ta aje faifan shinkafar. Murmushin ya bar fuskarta.

"Ta cikin yashin Gulbi? Da tirela? Zakari, zauna. Ƙaramar gadar nan ta hanyar amalanke don shanu aka yi ta. In ta karye da kai, tanki ya tahi, mota ta tahi, masu lambu sun rasa hanya, kai kuma Allah kaɗai ya san yadda za a zaro ka. Wasa daban, wagga magana daban."

Ya koma ya zauna. Ya ɗan jima yana murza hularsa a hannu.

"Injin ɗaga kaya na can Jiratawa yana jirana," ya ce. "Bayan Juma'a zai wuce Damagaram, kuma ba wanda ya san ranar komowarsa. In ban kai tankin ba kahin nan, sai dai a aje shi ƙasa awaki su riƙa shan inuwa. Jiya na je garin. Na tarar da Kaka a layin rijiyar bakin gari da bokiti, da wannan ƙafar tata mai kumburi. Ta ce kar in gaya miki."

Kaka Tasalla ita ta haifi uban Zakariya'u da uwar Tahira, kuma ta ƙi barin Jiratawa duk da roƙon da 'ya'yanta suka sha yi mata.

"Da ka fara da wannan, da ba ka ɓata mini hantsi da tattabara ba," in ji Tahira. "Ƙungiyarmu ba ta hana aikin ruwa da na asibiti ba. Zan je in sanar da su, in bi darekta har gida shi sa hannu. Amma ni ba na rubuta abin da idona bai gani ba. Sai na auna shi da kaina."

"Ki auna har inuwarsa in kina so."

"Kuma akwai sharuɗɗa. Ba tahiya sai rana ta hito sosai. Ba ranar kasuwa ba. Jandarma a gaba bisa babur yana buɗe hanya. Mutanen kamfanin wuta su biyo ka da sanda mai baki biyu suna ɗaga waya. Kai kuma ka tahi kamar mai rakiyar amarya, ba irin gudun da kake yi in ka ji ƙamshin tuwo ba."

"Duk wannan don randa guda? Ko Gwamna ba a yi masa haka."

"Gwamna ba ya tsinka wayar wuta da kansa. Saura tutoci."

"Tutocin mi?"

"Na jam'iyyu. Ba ka ga igiyoyin da suka gitta hanya ba? In tankinka ya tsinke ta wasu ya bar ta wasu, kahin ka kai Sabon Gari an ce sayen ka aka yi. Matasa su tare motar, ni kuma in tahi gaida ka asibiti. Dole kowace jam'iyya ta kwance igiyarta da hannunta, in ka wuce ta maida."

"To wa zai je ya roƙe su?"

"Kai mana. Akwai taron da ba ka ci shinkafarsa ba? An ce huluna kala-kala gare ka ƙarƙashin kujerar mota, kowane gari da wadda kake sawa."

"Wannan ita ce dimokuraɗiyya. Ni ba na nuna bambanci."

"To yau ranar amfanin hulunan. Kar dai ka ruɗe ka shiga gidan wasu da ta wasu."

Bayan azahar suka hau kabu-kabu biyu zuwa Tibiri. Tun daga nesa suka hango tankin kwance bisa tirela, ya tsere wa itatuwan bakin hanya. Jandarman da ke shingen, Maman Lawali, yana zaune a inuwarsa. Tahira ta ciro igiyar awo daga jaka, ta miƙa wa Zakariya'u bakinta.

"Hau sama ka riƙe."

"Ni? Da girmana?"

"Ai ka ce bai hi ka tsayi ba. Miƙa hannu kawai."

Ya hau da ƙyar yana nishi. Tsayin ya haura mita huɗu da rabi, faɗin kuma ya zarce gefen motar hagu da dama. Ta rubuta. Daga nan ta zagaya tana duba sarƙoƙin da aka ɗaure shi da su, sai ta tsaya wajen tayoyin baya. Sun baje a ƙasa kamar an zauna bisa ƙullu.

"Zakari, mi ke cikin tankin?"

"Iska. Iskar Tibiri, mai kyau."

"Iska ce ta danne taya haka?"

"Iskar bana nauyi gare ta. Kowa ya shaida."

Ta ɗauki dutse ta ƙwanƙwasa cikin tankin. Maimakon ya yi amo, sai ya ce dum, ya yi shiru. Ta matsa gaba ta sake bugawa. Dum.

"Buɗe murhin."

"Ya cije."

"Maman Lawali, don Allah taimaka mana da ƙarhe."

Da aka buɗe murfin, Tahira ta leƙa. Buhunan gero ne jere, buhu bisa buhu, har kusan rabin tankin. Zakariya'u ya saye su a kasuwar Tibiri, da niyyar ya sayar a Jiratawa, tunda dai motar can za ta.

"Wannan fa?"

"Ikon Allah! Haka na ɗauko shi. Wataƙila ciki gare shi."

"To yau zai haihu, kuma kai ne ungozoma. Shiga."

Maman Lawali ya juya baya yana dariya har kafaɗunsa na rawa.

"Haba Tahira, 'yan buhunan nan mi za su ƙara?"

"Nauyin da aka rubuta jikin tankin shi zan sa a takarda, kuma shi kaɗai ma ya kusa iyakar abin da hanyar ke ɗauka. Kowane gatarin taya da nasa rabo. Ka ɗora gero a kai, ka farfasa kwalta, gobe kai ne na farko da zai zagi gwamnati kan ramuka. Kuma ruwan da Kaka za ta sha ne zai zauna nan ciki. So kake famfon Jiratawa shi riƙa zubo kunu?"

"Ai da sun gode mini."

"Shiga, na ce."

Ya tuɓe riga ya shiga. Har la'asar sakaliya yana miƙo buhu, masu amalanke suna karɓa suna kai wa gidan wani abokinsa ajiya. Da ya fito, fari fat da ƙaiƙayi, Tahira ta sake ɗaukar dutsen ta buga. Tankin ya amsa da ƙara har awakin bakin hanya suka watse.

"Yanzu na ji iskar Tibiri," ta ce. Ta buɗe jaka ta ciro wani tsohon zane ja ta jefa masa. "Yaga shi huɗu, ka ɗaura a kowace kusurwa don masu tahowa su ga iyakar faɗinka. Kyauta na ba ka."

"Gobe duk Maraɗi za ta ga tsummanki na kaɗawa. Za a ce gwamnati ta talauce har ta kai ga zanen ma'aikata."

"A faɗa. Ya hi rigarka tsabta."

Darekta ya sa hannu, jam'iyyu suka yarda. Ranar Alhamis da safe tankin ya ratsa Maraɗi. Maman Lawali na gaba bisa babur, masu wuta na ɗaga waya ɗaya bayan ɗaya, matasan jam'iyyu na bisa tsani kowa riƙe da bakin igiyarsa. Mutanen da suka yi makonni ba su gaisa ba saboda siyasa, ranar an ga suna riƙe wa juna tsani. Mata suka fito ƙofar gida suna kallo. Wurin wata kwana kusa da Sabon Gari sai da aka sare reshen itacen bedi kafin motar ta juya, Zakariya'u na zufa, Tahira na tafe a ƙasa tana nuna masa da hannu. Kafin azahar suna Jiratawa, injin ya ɗaga tankin ya aza shi bisa ƙafafunsa na ƙarfe.

Kaka Tasalla ta taho tana dogara sanda. Ta ɗaga kai ta daɗe tana duban tankin, sa'an nan ta dubi jikokin nata.

"To wa zan sa ma albarka? Mijina ko ƙawata?"

"Ni mana, tsohuwa," in ji Zakariya'u. "Wa kika gani bisa sitiyari?"

"Tambaye shi inda zai kasance yanzu da an bar shi da hankalinsa," in ji Tahira.

"Ina zai kasance?" in ji Kaka.

"Cikin Gulbi, shi da gero, suna tsiro."

Kaka ta dubi Zakariya'u. "Gaskiya ne?"

Zakariya'u ya dubi tankin, ya dubi Tahira da ta riƙe ƙugu tana jira. Sai dariya ta ƙwace masa, ya cire hula ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Sa mata, Kaka. Ni na tuƙa mota, ita ta tuƙa ni. In ta rage, kya shafa mini."