Muryar Ɗakin Inna

Zamanin soja, ina gyaran rediyo a Gaya, na ɗauko Inna daga Tanda na sa ta a ɗakin siminti. Kullum ƙorafinta ɗaya: "Ɗakin nan kurma ne, ba motsin mutane."

Na ce ai wannan fannina ne. Na kwashi rediyo huɗu masu kaset zuwa Tanda, na ajiye ɗaya a kowace kusurwa ta tsohon ɗakinta, don in naɗo daka da hirar maƙwabta. Na zauna bakin ƙofa ina jin kaina injiniya. Ashe unguwa ta ɗauka gwamnati ce ta aiko ni. Ko tari ba wanda ya yi.

Na dawo na kafa lasifika huɗu, na tara 'yan gida, na zaunar da Inna a tsakiya, na kunna. Shiru. Can sai jakin maƙwabci ya ɓarke da kuka ta kowace kusurwa.

Inna ta share hawayen dariya. "Duk Tanda shi kaɗai ne ba ya tsoron soja."

Ta saba da ɗakin abinta. Amma har yau in jaki ya yi kuka, sai ta ce, "Injiniya, mawaƙinka na kira."