Cindo da Igiyar Tanti a Banis

A gidan Malam Barau akwai wani Cindo. Zuciyarsa fara tas, amma magana yadda ka ba shi ita haka zai riƙe ta, ba ragi ba ƙari. Yayarsa Turai, wadda ke aiki a Italiya, ta ɗauko shi hutu tare da mahaifinsu don ya kula da Baban, wanda tsufa ya fara ɓatar da shi a hanya. Suka sauka a sansanin tantuna kusa da Banis, birnin da titunansa ruwa ne.

Wata rana Turai ta ce, "Cindo, kafa tanti inda iska ba ta kaɗawa." Ya zaga sansanin kaf, bai samu ba sai cikin banɗakin jama'a. Nan ya buga turaku. Turawa suka yi layi da tawul a kafaɗa, shi kuwa yana ta ce musu, "Ku yi haƙuri, da mutane!"

Wata rana suka shiga birnin yawon yini. Turai ta ce, "Kada ka ba ni kunya. Abin da na yi shi za ka yi." Wajen hawa gada takalminta ya suɓuce, ya faɗa ruwa. Cindo ya tuɓe nasa ya jefa.

"Me ka yi haka?"

"Yaya, ɗaya na jefa. Ke ma ɗaya kika jefa."

Ranta ya ɓaci. Ta ce, "Ni dai Baba. Ka riƙe min shi, ko ɗaure shi za ka yi!" Ashe gogan naka ya zo da igiyar tanti a aljihu. Kafin ta dawo daga sayen silifa, ya ɗaure ƙugun Baba da nasa, masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto. Kunya ta kama Turai, kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ba ta kai ga kwance su ba, sai jirgin ruwan da za su shiga ya iso, jama'a suka turo. Baba ya ɗaga ƙafa ya taka inda babu ƙasa, tsakanin jirgi da gaɓa. Igiya ta miƙe. Cindo ya turje, aka jawo tsoho, ko hularsa ba ta jiƙe ba.

Turai ta fashe da kuka. "Cindo, kada ka sake shi har abada."

Ya fara ƙara ƙulli.

Ta share hawaye da sauri. "Har mu koma tanti, Cindo! Har mu koma tanti kawai!"