Rasuwar Gigliola, Wadda Fenti Ya Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Ottorino Bellan nake sanar da rasuwar Gigliola, babbar famfon tashar kwashe ruwa ta ƙauyenmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, ana tsaka da ruwan sama, tana da shekara hamsin da biyu.

Shekara talatin da takwas ina jinyarta. Mu da gonakinmu suke ƙasa da teku mun san abin da muka rasa: ita take ɗaga ruwa ta zuba a kogi mu samu busasshiyar ƙasar takawa. Marigayiya ba ta da kwaɗayi. Abincinta cokali biyu na mai kowace Litinin, ta wata 'yar huda a bayan wuyanta. In ta ƙoshi sai ta ce "dum-dum-dum", har cikin ɗakina da ke kan tudun kogi.

Ciwon ajali ya fara bayan an yi mini ritaya, aka ba surukina Injiniya Fulvio tashar. Manya za su zo duba aiki, sai ya sa aka shafe ta da koren fenti daga kai har ƙafa. Ta yi kyau kamar amarya. Fentin ya toshe hudar man, ko alamarta babu.

Na je in faɗa masa, a gaban baƙinsa. Ban rufe baki ba ya dafa kafaɗata.

"Baba, yanzu allon kwamfuta ne ke gaya mana ciwon inji, ba kunnen tsoho ba. Je ka kama kifinka."

Baƙi suka yi dariya. Na tafi kamun kifi.

Mako na biyu ta koma "dum-kirr". Na huɗu, "kiii-kiii", kamar ana yanka alade. Ina ji, ina gyara ƙugiyata. Allon Injiniya kuwa bai daina nuna kore ba.

Ranar Talata ta yi tari sau uku ta yi shiru. Kafin azahar ruwa ya shanye shinkafar mutum goma sha ɗaya, ya shige sabon gidan Injiniya, wanda ya gina a kwari duk da na hana, ruwan ya zauna a falo har wuyan kujeru.

Ta bar ƙanwarta Nerina, ƙaramar famfo, mai fama da wannan fentin. Da gwangwanin mai, maraya. Da Injiniya, wanda zai bayyana gaban hukumar ruwa ranar Alhamis da allonsa a hammata. Ta kuma bar 'yata Mirella, matarsa, wadda ta dawo gidana da jaka ɗaya. Jiya tana juya polenta, tuwonmu na masara, ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Baba, daga nan ana jin tashar sarai. Ka ji kukanta, ko?"

Na ce kunnen tsoho ne.

Za a ɗaga gawar ranar Asabar ƙarfe goma, ɗan gwangwan ne zai kai ta makwancinta. Ana karɓar gaisuwa a falon Injiniya. A taho da takalmin roba mai tsawo. Kada a kawo furanni, ta sha ado. Ni zan zo da ƙusa ɗaya in buɗe hudar a gaban kowa, in ba ta cokalinta biyu.

Nerina kuma ta fara "dum-kirr" tun shekaranjiya. Har yanzu ba wanda ya tambaye ni.