Wandon Malam Bappa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Talatar da na je neman aikin koyarwa ba, duk da na yi iya ƙoƙarina. A Azare ba a barin mutum ya manta da irin wannan. Kullum sai an samu mai tuna maka, kyauta, don zumunci.

Shekara goma sha ɗaya na yi a motar asibiti. Ba ni ne direba ba (a lura da wannan, don har yau goggona ta Katagum tana tambayata ko zan rage mata hanya). Ni ne na baya, mai zama da wanda ya ji rauni, ina tsayar da jini, ina ɗaura ruwa, mota tana tsalle a ramukan titi. Da bayana ya gaji da ɗaga mutane, likita ya ba ni zaɓi: ko in bar motar da ƙafata, ko wata rana a ɗauko ni a cikinta a kwance. Na zaɓi ƙafata.

Sai da na sauka na gane ba wanda ya taɓa gaya mana inda irinmu suke zuwa. Wani abokin aikina ya buɗe kemis a Jama'are, har ya ajiye tumbi. Wani ya bi ƙungiyoyin agaji Borno, 'ya'yansa sun fi sanin sa a waya. Wani kamfanin gyaran titi ya ɗauka, aikinsa yanzu faɗa da lebura su sa hular kwano. Ni kemis ba zai karɓe ni ba, don duk wanda ya zo sayen maganin ciwon kai asibiti zan tura shi. Nesa da gida kuma na ƙoshi. Wata huɗu na yi a zaune, har matata Maimuna ta ce, "Baban Hauwa, in ka sake auna mini jini yau, wallahi hawa zai yi, kuma kai ne sanadi."

Ana haka sai na ji wata makarantar koyon aikin lafiya mai zaman kanta, a bayan gari, tana neman malamin agajin gaggawa. Shi kaɗai ne aikin da zai bar ni a Azare kuma ya bar bayana ya huta. Aka ce in zo ganawa da shugabar makarantar ƙarfe goma. Na sa farin kaftani, na saƙala fayil a hammata, almakashina na aiki yana aljihun gaba, inda masu hankali suke sa biro.

Ina shiga ƙofa na hango taro a gindin darbejiya. Babur a kife. Wani dattijo a miƙe, idanu a rufe, ƙafarsa ta dama jina-jina. Ɗalibai cikin fararen kaya sun yi da'ira, wata ɗaliba a durƙushe da bandeji a hannu. Manya biyu kuma suna zaune a benci, suna kallo.

Mai nutsuwa zai tambayi kansa yadda aka yi hatsarin babur ya faru a tsakiyar makaranta, a inuwa, kuma wanda ya faɗi ya dace da faɗawa a kan tabarma. Ni ban tambaya ba. Fayil ɗina ya yi gabas, ni na yi yamma.

A aikinmu akwai ƙa'ida: ba a cewa "jama'a ku taimaka", don jama'a ba ta da hannu. Mutum ɗaya ake nunawa da yatsa a ba shi aiki. Na fizge bandejin daga hannun ɗalibar, na nuna benci.

"Hajiya mai shuɗin mayafi! E, ke. Zo ki riƙe masa kai, kada wuyansa ya motsa."

"Malam, ai wannan..."

"Bayani daga baya, Hajiya! Rai ne!"

Ta zo ta durƙusa ta riƙe. Na juya ga na kusa da ita. "Alhaji mai tabarau, ajiye biron nan ka ɗaga mini ƙafar." Ya ajiye, ya ɗaga, da fuskar wanda bai san yadda aka yi ya tashi ba.

"Baba! Baba, kana ji na?" Shiru. Na murje masa ƙashin ƙirji da gaɓar yatsa, yadda muke gwada wanda ya suma. Ya ɗan yatsine, amma ko uffan. Na taɓa jijiyar hannunsa: tana bugawa tsaf, a nutse, ta fi tawa lafiya nesa ba kusa ba. Na ce a raina, ikon Allah, tsofaffin zamanin da ke nan, fura da nono ba wasa ba.

Saura in ga raunin. A motar asibiti kuwa ba a tuɓe wa mai rauni kaya, yankawa ake yi. Wandon shadda ne ruwan madara, sabo fil, an naɗe shi zuwa ƙwauri (wannan ma ya isa ya tsayar da ni, wane hatsari ne yake naɗe wa mutum wando?). Na zaro almakashi, ƙyat, har gwiwa. Ba rauni. Fata sumul. Jinin kuma wani ƙamshi yake yi, kamar na citta da kanumfari. Na ce to raunin yana sama. Na ƙara gaba, har rabin cinya.

A nan ne dattijon ya buɗe ido ɗaya.

"Rifkatu, wa ya koya mi..." Sai ya ga gemu. Ya buɗe na biyun. Ya dube ni, ya dubi cinyarsa da ke shan iska, sannan ya ce a hankali, "Bawan Allah, in almakashin nan ya ƙara gaba, ni da kai duka sai mun bar garin nan."

Hajiya mai shuɗin mayafi ta yi gyaran murya. "Malam, zan iya sakin kan? Jarrabawa muke yi."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Ɗalibai har da masu zama a ƙasa. Ashe jinin zoɓo ne. Dattijon, Malam Bappa, tsohon nas ne kuma malami a makarantar, shi yake kwanciya a matsayin mai rauni duk shekara, kuma yana alfahari da cewa ko mintsininsa aka yi ba ya buɗe ido sai an kaɗa ƙararrawa. Muryata ya ɗauka cikin shirin jarrabawar ce, hannun kuma ya zaci na ɗalibar ne, Rifkatu, ta samu ƙarfin hali. Shaddar Sallah ya sa don an turo mai sa ido a jarrabawar daga Bauchi. Mai sa idon kuwa shi ne Alhaji mai tabarau, wanda har lokacin yana riƙe da ƙafar, don ba wanda ya ce ya ajiye.

Na tsinto fayil ɗina daga ƙasa, na kakkaɓe. Na auna nisan ƙofa. Sai na tuna wata huɗun nan, na daure, na tambaya da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, "Don Allah, ina ne ofishin shugabar makaranta?"

"Ga ni," in ji Hajiya, tana kakkaɓe ƙurar gwiwarta da gefen mayafi.

An yi ganawar. Malam Bappa yana ciki, ɗaure da zanin gado daga ƙugu, kamar mai shirin aikin Hajji rabi. Hajiya ba ta ko buɗe fayil ɗin ba.

"Me ake fara koya wa ɗalibi a agajin gaggawa?"

"Ya tsaya ya dubi wurin kafin ya taɓa kowa, ranki ya daɗe."

"Ka duba?"

"Ban duba ba."

Na fara shirya yadda zan shiga gida. Can sai kafaɗunta suka fara rawa don dariya. "Shekara nawa ina fama da yaran nan, sun haddace littafi amma in suka ga jini sai su daskare. Kai kuwa ni kaina ban san lokacin da na durƙusa ba. Ko maigidana bai taɓa nuna ni da yatsa na tashi haka ba." Ta juya. "Malam Bappa, kai aka yi wa ɓarna. Me ka ce?"

Ya shafa ƙirjinsa inda na murje. "A ɗauke shi, Hajiya. Yankan ma a miƙe yake, tela ba zai sha wuya ba. Amma duk ranar jarrabawa a aike shi Dambam."

Litinin na fara aiki. Rifkatu ta sake jarrabawarta ta ci, kuma ita ce ta fara kirana Malam Ƙyat, sunan da ya bi ni har masallacin unguwa. Koyarwar ta karɓe ni fiye da yadda na zata: ashe abin da hannu ya koya a kan titi yana da masu buƙata, kuma allo ba ya da nauyin ɗagawa.

Darasina na farko ga kowane sabon aji ba ya canzawa, kuma ba a littafi na samo shi ba. Nakan ce musu, in kun ga mutum a kwance cikin jini, jama'a sun kewaye shi, ku fara duba hannuwan jama'ar. In ba ko mutum ɗaya da ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, to ku yi sallama tukuna, ku tambaya. A ƙasar nan wannan ba hatsari ba ne.