Wandon da Na Farke a Gaban Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wandon Mustafa ba, ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina. Tun farko bari in faɗa muku, aikin kwastan ne ya lalata ni. Na yi shekaru a bakin iyakar Jibiya kafin in zo Amurka in kama tuƙin tasi a Wheaton, kuma wanda ya taɓa zaro agoguna daga cikin kabewa ba ya sake yi wa kabewa kallon kayan miya. Har yau in fasinja ya shigo da jaka, ta madubi nake auna nauyinta.

Shi ya sa da Mustafa ya fito neman auren Rabi, 'yar yayana, ni aka ɗora wa bincike. Yaya Bala ya ce, "Kai ne mai hancin gidan nan. In ka ce a ba shi, an ba shi. In ka ce a'a, magana ta mutu." Rabi kuwa ta tare ni a ƙofar gidansu a Alexandria ta nan Amurka, idonta ya yi rau-rau. "Baffa, don Allah ka bi shi a hankali. Ni dai shi nake so." Na ce ta kwantar da hankalinta, mai gaskiya ba ya tsoron bincike. (A raina kuwa na riga na fara shinshine-shinshine.)

Yaron injiniya ne ɗan Zariya, ga salla ga ladabi, in zai gaishe ka har ƙasa yake durƙusawa. Wannan ma ƙara mini zargi ya yi, don a Jibiya wanda ya fi kowa iya gaisuwa shi ne motarsa ta fi kaya. Ban daɗe ba na gano cewa duk Asabar ba a ganinsa a suna ko walima, wai ya tafi duwatsun Virginia. Duk shekara kuma in zafi ya shigo sai ya hau jirgi zuwa tsaunukan Alps na Turai, da wani ƙaton akwati da ya kusa kai ƙyauren ɗaki.

Na tsare shi da tambaya.

"Keke nake hawa, Baffa, a hanyoyin tsakuwa," in ji shi.

"Tsakuwa?"

"Eh, waɗanda ba kwalta. A Alps akwai tsofaffin hanyoyin sojoji da na makiyaya. Kana ta hawa cikin dutse, sai ka ga ka bar Italiya ka shiga Switzerland ba ka ma sani ba."

Keke, hanyar burji, tsallaka iyaka ba wanda ya sani. A garinmu sunan wannan ɓarauniyar hanya, kuma na san irin mutanen da ke bin ta. In ba haka ba, wane mai hankali ne zai bar kwaltar Amurka sumul ya hau jirgi neman burji? Mu da burjin ne ya koro mu daga gida.

Na ce ina sha'awar ganin abin. Ya yi murna, ya ɗauke ni wata Asabar muka nausa yamma har gidaje suka ƙare, sai gonaki da dawakai da tuddai. A gindin wani dutse muka tarar da abokansa Turawa cikin wasu matsattsun kaya kamar an shafa musu fenti. Kunya ta sa na kau da kai, kuma wannan kau da kan shi ya kashe ni, don da na duba da kyau da na tsira. Shi Mustafa ya ɗora wando mai faɗi a kan nasa, ban ga komai ba. Ya ce ga keke na aro, na ce gwiwata ba ta yarda ba. Suka haye tudu tsakuwa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinsu, ni kuma na zauna gadin mota ina ƙirga laifuffuka.

Bayan azahar ya dawo buɗu-buɗu, ya laɓe bayan mota ya canza kaya, ya tafi bakin rafi yin alwala. Nan take na faɗa wa jakarsa. Sai hannuna ya taɓa shi: baƙin wando mai santsi, a jiƙe, an ɗinke wani abu mai kauri a cikinsa da ɗinki biyu. Kuma a ina? Daidai wurin da ma'aikaci ke jin nauyin lalubawa. Na ce alhamdulillahi, yau ga ɓarawo a hannu. Na cusa shi a aljihun riga, da yaron ya dawo ya miƙo mini dabino na karɓa har da godiya.

Da ina da wayo da na farke shi ni kaɗai a ɗaki. Amma tsohon ma'aikaci ya san ba a buɗe kaya sai gaban shaidu. Na ƙulle shi a leda, ya yi mako guda a but ɗin tasi cikin zafi.

Ranar da kawun Mustafa, Alhaji Isa, ya zo daga garin Landover nan kusa da mutanensa da goro da alewa neman a sa rana, falon Yaya Bala ya cika. Aka gaisa, aka yi addu'a, Yaya ya dube ni. Na gyara murya na ce a kira yaron, yana ƙasa cikin mota yana jiransu. Da ya shigo ya durƙusa, na zaro ledar.

"Mustafa, ka san wannan?"

"Wandona ne, Baffa. Na yi ta nemansa."

"Madalla, kun ji ya amsa."

Na ɗaga wandon na zagaya da shi kowa ya gani. Na kai shi hanci na ja numfashi mai tsawo, na ce wa dattawa, "Wannan warin na san shi. Ba warin halal ba ne." (Allah ya yafe mini, har sau biyu na shinshina.) Sannan na ciro reza na bi ɗinkin a hankali, na zazzage a kan faranti.

Ba abin da ya zubo. Na ƙara tsagawa, sai soso. Na ce ai gwanaye a ƙarƙashi suke sawa, na tsaga na ƙasan, shi ma soso. Ga ni tsaye a tsakiyar falo da reza a dama, yagaggen wando a hagu.

Mustafa ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, sirdin keken ne siriri, tsakuwa kuma tana jijjiga mutum. Soson don mazaunai ne. Kuma ban samu na wanke shi ba."

Wani daga cikin baƙi ya toshe baki da hula. Alhaji Isa dai bai yi dariya ba. Ya miƙe ya ce, "Alhaji Bala, neman aure muka zo, ashe kotu aka kira mu. Ɗanmu ba ɗan fasa-ƙwauri ba ne. Ku riƙe 'yarku." Daga bayan ƙofar kicin na ji kukan Rabi, kuma wallahi wannan ya fi kunyar zafi. Yarinyar nan ta roƙe ni, na zo zan rushe mata aure saboda soso.

Ban san sanda na zube gaban Alhaji Isa na riƙe bakin rigarsa ba, ni da furfurata. Na ce laifina ne ni kaɗai, a hukunta ni a bar yara. Ya ƙi ko kallona. Mustafa ne ya matso ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Wanda ya tsare Rabi haka, ai haka zai tsare 'ya'yana." Da ƙyar Alhaji ya koma ya zauna, ya ce a kawar da farantin nan daga gabansa tukuna.

An ɗaura aure, yanzu 'ya'yansu biyu, kuma duk sun taso sun ji ana kirana Baffa Soso. Da Mustafa ya dawo daga Alps a shekarar, tsarabar da ya kawo mini irin wandon nan ne sabo fil a leda. Na yi fushi na jefa shi ƙasan akwati. Wata rana zaman tasi ya ishe ni, na sa shi a ƙarƙashin wandona don gwaji, kuma maganar da nake muku yanzu haka yana jikina.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka ga ɗinki mai kauri, tambayi mai wando kafin ka ɗauko reza. In kuma ka ƙi ji sai ka farke, to don girman Allah kada ka shinshina.