Sandar Iya da Makarantar Adila

"…da gajiya? Ya ƙafar? Au, amarya, ashe har yanzu kina nan? Ni da na sayi sukarin gumba tun bara!"

"Ka jiƙa ka sha abinka. Sai na ga furfurarka zan tafi. Shigo, mijin-ta-ce, ka tare min haske."

Misbahu ke nan, mai gyaran injin ban-ruwa a bakin kasuwar Haɗeja, da kakarsa Iya Bushira. Su biyun ba su taɓa gaisawa an rabu lafiya ba. Yau kuwa da buƙata ya zo. 'Yarsa Adila ta gama firamare, makarantun kuɗi biyu sun ce a kawo ta, kuma da azahar ɗin nan dukkansu za su rufe karɓar takardu. Takardar haihuwar yarinyar tana cikin kwallar Iya, inda kowace takardar gidan take kwana, har da ta rediyon da aka sace tun mulkin soja.

Iya ta turo masa farantin bandar tarwaɗa da yaji. Bai tsaya tambaya ba ya sa hannu.

"Ba ni takardar Adila, sauri nake."

"Ina za ka kai ta?"

Ya zaro wata takarda mai ƙyalli daga aljihu, ya baje ta a tabarma. "Zinariya Intanashinal! Dubi bene. Dubi bas. Kwamfuta arba'in a ɗaki ɗaya, kowacce da rigarta. Yaran can ko atishawa za su yi, da Turanci suke yi."

"Atishawa kam za su sha ta."

"Shugabansu a Indiya ya yi karatu."

"Ya dace. Can ma na ga rawa a cikin ruwa suka fi ƙwarewa."

"To ita ta Malama Mairam da kike ta yi wa talla fa? Can kan tudu, ƙofar langa-langa, ƙararrawarsu tsohuwar garma. Akuyar maigadi ta fi wasu malaman shiga aji."

"Akuyar ta san inda ƙafarta ba za ta jiƙe ba. Ta fi ka."

"Na gane ki ai. Don tana jikin maƙabarta ne. So kike in kin tare a can, Adila ta riƙa leƙo ki in an fita tara."

"Sosai ma. Da wa zan dogara? Da kai, da ba ka zuwa sai hancinka ya jiyo kifi?"

Misbahu ya zare ƙaya daga bakinsa ya ƙara gutsuro wani. "Tsakani da Allah, tsohuwa, me kika sani a harkar boko? Ke da ko ƙofar aji ba ki taɓa takawa ba."

"Shekaranjiya na taka. Duka biyun."

Taunar ta tsaya. "Wa ya kai ki?"

"Sunusi mai Napep. Ni da sandar kakanka."

Ta miƙa hannu bayan gado ta jawo ta. Misbahu ya san sandar nan. Marigayi kakansa Malam Yunusa bai taɓa zuba irin shinkafa a fadama ba sai ya nemi inda ruwan bara ya bar zane a jikin itace, ya jingina ta, ya yi tsaga da wuƙa. Yanzu ga sababbin tsagogi biyu farare a jikinta, ɗaya sama da ɗaya.

"Innalillahi! Da wannan kika shiga Zinariya? Kin kashe ni a garin nan."

"Karɓar girma suka yi min. Lemo mai sanyi, Hajiya kaza, Hajiya kaza, zo ki ga ɗakin kwamfuta. Na ce a'a, a nuna min bayan banɗaki."

"Bayan banɗaki!"

"Nan ne mai fenti ba ya zuwa. Gaban ginin shuɗi kamar an wanke sama. Bayan kuwa ga zanen ruwan bara nan, ya miƙe sambal, har da busasshiyar kainuwa a maƙale a taga. Na jingina sanda, na yi tsaga. Ita ce ta saman."

"Ta ƙasan fa?"

"Da na dawo na tsayar da Adila. Nan kanta ya tsaya, da ɗankwalinta da komai."

Misbahu ya sa yatsu ya gwada tsakanin tsagogin. Huɗu cif. Ya janye hannun kamar ya taɓa salansar babur mai zafi.

"Yarinya ce, za ta yi tsawo."

"Gadon wa? Kai da sai ka taka bulo kake hawa babur?"

"Akwai bene ai!"

"Kwamfutocin ne a benen. 'Yan aji ɗaya a ƙasa suke. Su ma sun san wanda suka fi so."

"Ruwan bara ne, Iya. Bara kowa ya sha, har kasuwa sai da ya leƙa."

"Kogin Haɗeja fa kake magana a kai, ba baƙon Kano ba. Ɗakin da ya kwana bara, bana ko sallama ba zai yi ba. Ina tsaye ana kiran suna a aji, kwaɗi ne suke amsawa."

"Ƙarya!"

"Wanda ya zo na ɗaya a lissafi ma an nuna min shi. Gashin baki gare shi har nan, ba ya ƙifta ido, sai santsin tsiya."

"Allah ya shirye ki, tsohuwa."

"Bas ɗin da kake yabo, na leƙa ƙarƙashin kujeru, kowacce da abin tuƙin kwalekwale. Shugaban kuma yana da ƙaton goran kamun kifi a bayan ƙofar ofis, da shi yake zagayen azuzuwa. In yaro ya yi laifi ba a bulala, ƙugiya ake sa masa."

"Wallahi in kin mutu ni zan yi miki shaida, kuma gaskiya zan faɗa!" Ya daki takardar da yatsa. "Hoto ba ya ƙarya. Dubi filin ƙwallonsu. Kore shar, kamar na Turai!"

"Matso da shi kusa da idonka."

Ya matso da shi. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana bin gonaki da sifana ba ya buƙatar a gaya masa. Har kunyoyin ana gani.

"Shinkafa ce," in ji shi a hankali.

"Irin nan Jamila ce ma. Ta yi kyau, ba laifi. In noma kake so ta koya, ba ni da ta cewa."

Ya sosa ƙeya. "Ita ta Malama Mairam ɗin, ina tata tsagar?"

"Babu. Sau uku na zagaye katangar, ko gansakuka ban gani ba. Sai na tare wata yarinya na miƙa mata kwalin maganina. Ta karanta tas, ta ce sau biyu ake sha a rana. Kai ka ce min sau huɗu."

"Don abin ya yi sauri ne."

"Na sani, ɗan nema."

Ta tashi da ƙyar, ta sauke kwalla, ta tono takardar daga ƙarƙashin tsofaffin zannuwa, ta ɗora masa a gwiwa. "Ungo. 'Yarka ce, kai ta inda ka ga dama. Kifin ya yi daɗi?"

"Shi kaɗai ne abin kirki a ɗakin nan. A ina kika samo?"

"Wajen maigadin Zinariya. Tun ruwan makon jiya ya kafa tarkonsa a bayan ragar gola. Ya ce in dawo ƙarshen wata, lokacin manyan sun shiga aji ɗaya."

Misbahu ya dubi tulin ƙayar da ke gabansa, ya dubi hoton benen, ya dubi sandar. Sai dariya ta ƙwace masa, har yaji ya sarƙe shi, Iya na bubbuga masa baya da ƙarfin da ya wuce na taimako.

"Na sallama, amarya, na sallama! Ƙofar Malama Mairam ta gabas take ko ta yamma?"

"Bi akuyar, za ta kai ka."

Ya miƙe yana share hawaye. Kafin ya sa takalmi, Iya ta ɗauki takardar Zinariya mai ƙyalli, ta naɗe ragowar tarwaɗar a ciki, ta cusa masa a aljihu.

"Kai wa Adila. Ka ce ɗan ajinsu ne yake gaishe ta, ga shi nan har da yunifom ɗinsa."